Igiyar da Ke Hannuna na Hagu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta, ruwan randa bayan doguwar tafiya, farin watan da ya ɓace mini a bayan gajimare, Mai Akwatina.

Amincin Allah ya sauka a kanki, ya bi ki har garin da kika koma, ya shiga ɗakin da kike kwana, ya raka ki asibitin da kike aiki. Allah ya tsare mini hannayen nan naki da suka san ciwo tun kafin mai shi ya nuna wurin. Yaya sabon wuri? Yaya baƙunta? Shin majinyatanki na can sun san irin sa'ar da suka taka kuwa, ko sai miƙo hannu kawai suke yi a naɗe musu?

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayar ce ta gaza mini. In na kira, sai ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. In na rubuto saƙo mai tsawon zira'i, amsa takan zo da kalma biyu, “Lafiya lau”, ko “Na gode”. Ni kuwa in zauna in yi ta juya kalmomin nan biyu kamar mai neman tsaga a jikin katako, ko zan ga inda murmushinki ya maƙale. Don haka yau da rana ta take, yaran unguwa suka tafi makaranta, maigidan shagonmu ya fita sayen ƙusa, na ture zarto da guduma gefe, na share garin katako daga kan teburin da ban gama gogewa ba, na zauna in gaya miki abin da waya ta kasa ɗauka.

Na yi kewarki, masoyiyata! Na yi kewarki har abin ya zame mini ciwo, irin wanda babu maganinsa a cikin akwatin nan naki. Garin nan yana nan cike da mutane, amma tun da kika tafi ya zama kamar gidan da aka kwashe wa kujeru. Ina wucewa ta gaban ɗakin shan maganin da kika yi aiki, tagarki a buɗe, wata ce daban zaune a wurin, ita ma da farar riga, sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Umma ta zuba mini, in tsakura in ture, ta dube ni ta ce, “Kai dai in ba ka ci don kanka ba, ka ci don yaron mutane da kake ja a fili.” Sai in ci don a zauna lafiya.

Kin san halina na faɗin hanya. Wanda ya shekara da shekaru yana yi wa makaho ido, bakinsa ba ya iya yin shiru. To yanzu abin ya ƙaru. Ina tafe ni kaɗai a titi sai in ji bakina yana cewa, “Rami. Hawa. Kwana hagu.” Babu kowa a gefena. Shekaranjiya mai gyaran keke na bakin layinmu ya tsayar da ni, ya ce, “Malam kafinta, lafiya dai ko? Da wa kake magana?” Na yi dariyar yaƙe na wuce. Da me zan ba shi amsa? In ce da wadda take wani gari nake magana, ina gudun kada ta yi tuntuɓe?

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni dai ko zan manta sunana ba zan manta da ita ba, ga tabonta nan a gwiwata. Da yamma ne, an yi yayyafi an ɗauke, filin wasa yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ina gudu da aminina Walƙiya kamar kullum, shi a hagu ni a dama, da ’yar igiyar nan mai zobe biyu a tsakaninmu, yatsunsa a zobe ɗaya, nawa a ɗayan. Aikina sananne ne: ƙafata ta sauka tare da tasa, numfashina ya bi nasa, idona kada ya bar hanya, bakina ya sanar da shi kwana kafin mu iso ta. Tun muna ’yan samari, tun shekarar da ciwo ya tafi da ganinsa, haka muke yi, ban taɓa kayar da shi ba. Sai ranar. Koci ya kawo sabuwar mai duba raunin ’yan wasa, kika zauna a bencin katakon nan na kusa da layin ƙarshe, farin akwati a kan cinyarki, iska tana wasa da gefen mayafinki. Na ɗaga ido sau ɗaya tak. Kwana ta zo, bakina yana buɗe amma babu abin da ya fito. Walƙiya ya miƙe sak, ni na karkata, igiya ta fizge mu, sai ga mu a ƙasa rim, ƙafa a sama!

Kika taho a guje da akwatinki. Ni kunya ta ishe ni, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa gogan yana kwance yana tofar da yashi, ya ce, “Ni dai an san lalurata. Kai kuma me ya sami naka idon?” Da ya ji muryarki kina tambayar inda ke ciwo, sai ya saurara, ya bushe da dariya. Ya ce, “Yauwa, yanzu na gane. Baiwar Allah, ban gan ki ba, amma na shaida. Wadda ta kayar da ƙarti biyu daga zaune ai ba sai an kwatanta mini ita ba.” Kika sha mur kamar ba ki ji ba, kika dangwala mini aidin a gwiwa ba tausayi, har ya ɗiga a kan igiyar. Na ce wash, kika ce, “Gobe ma ka ƙara kallon abin da ba hanya ba.” Wallahi tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari, in dai igiya tana hannuna, idona ba ya barin hanya. Kina zaune a bencin nan muna wucewa ta gabanki, zagaye bayan zagaye, ina jin ki a gefen fuskata kamar ɗumin rana, amma ban ƙara ɗaga ido ba.

Bayan atisaye ne nake ramawa. Mu raka Walƙiya gida, ya tsaya a ƙofa ya ce, “To, Sandata, an sallame ka, je ka yi aikin da ya fi wannan lada.” Sai in karɓi akwatinki in riƙe, mu bi doguwar hanya da gangan, ta bayan makaranta, inda bishiyoyi ke zubar da furanni a ƙasa. Ina tafe ina ce miki ga rami, ga dutse, kina cewa, “Bawan Allah, ina gani fa!” Amma ba ki taɓa hana ni ba. Wata rana da na yi shiru, ke da kanki kika tsaya kika ce, “Yau an bar ni in faɗa kwata ke nan?” Wayyo, ina ma a ce hanyar nan ba ta da ƙarshe! Me ya sa ban ƙara rage sauri ba? Me ya sa na ɗauka kullum gobe ma akwai wata yammar?

Da takardar sabon aikinki ta zo, na yi miki murna da gaske, Allah ne shaidata. Babban asibiti ne, abin da kika daɗe kina nema. Yayanki kuma ya kira ni ya yi mini maganar manya. Ya ce in dai da gaske nake, in tattara kayan aikina in bi ki, ai kafinta ba ya rasa ƙofar da zai gyara a ko'ina, in ya so a yi magana a gama. Gaskiya ya faɗa. Ni kuma na ce a ba ni lokaci har a yi gasar ƙasa, domin ita ce gudun Walƙiya na ƙarshe. Ke kin fi kowa sani, da hannunki kika taɓa gwiwarsa kika ce ba za ta ƙara kai wata shekarar ba. Kuma kin san ɗan jagora ba riga ba ne da za a cire wannan a saka wancan. Kafin ƙafafun mutum biyu su koyi sauka tare, sai an sha watanni ana faɗuwa.

A tasha, ranar tafiyarki, ba ki yi kuka ba, ba ki yi faɗa ba, da ma kin yi da ya fi mini sauƙi. Kika shiga mota kika zauna a bakin taga, na miƙo hannu in yi miki sallama, kika dube shi kika ce, “Kullum na dama kake ba ni. Na hagun yana da mai shi.” Mota ta tashi. Na tsaya a wurin har mai sharar tasha ya ce in ɗaga ƙafa. Maganar nan tana nan a ƙirjina har yau kamar ƙusar da ta karye a cikin katako, ba ta fita, ba ta shigewa.

Yanzu kuma labari ya iso ni. Yayata ta haɗu da matar Yayanki a wurin awo, matar ta ce mata wani ma'aikacin asibitinku yana zuwa gaisuwa, mutumin kirki, ba shi da abin kushewa, kuma Yaya ya ce zaɓi naki ne, amma yana son jin bakinki kafin ƙarshen watan gobe. Ban ga laifin Yaya ba. Ban ga laifin mutumin ba, ai mai ido ne, kuma ni na san abin da ganinki ke yi wa mai ido. Amma ranar da na ji, na auna ƙofar mutane na yanke ta ba daidai ba, har maigida ya ce in je gida in huta.

Ban gaya wa Walƙiya komai ba. Amma wa zai ɓoye wa wannan mutumin abu? Ta cikin igiya yake karanta ni. Muna cikin gudu ya ce, “Hannunka ya yi nauyi.” Washegari ya ce, “Numfashinka ba naka ba ne.” Ranar Litinin da ta wuce, na iso fili da sassafe na same shi zaune yana ɗaure takalmi, a gefensa ga Zalɓe, dogon nan mai gudun dogon zango, kin san shi, wanda kika taɓa ɗaure wa idon sawu. Na miƙa hannu in karɓi igiya. Walƙiya ya zaro tsohuwar igiyarmu daga aljihu, ya laluba ya kama tafina, ya danƙa mini ita gaba ɗaya, zobe biyun duka. Ya ce, “Sandata, daga yau na sallame ka. Na gaji da kai, ka tsufa, ba ka da sauri. Ga Zalɓe nan na samu. Ka je tasha ka hau mota.” Na ce wasa yake yi. Ya ce, “Ka taɓa jin na yi wasa kafin in karya kumallo? Ka ba ni idonka tun muna yara, ban ce a haɗa mini da rayuwarka ba. Tafi, kada ka sa in zama sanadi.”

Kin ga ikon Allah? Ke kin tafi saboda na riƙe shi, shi kuma ya kore ni saboda in same ki. Na wayi gari hannuna biyu duk a sake, babu mai riƙe da ko ɗaya. Ban taɓa sanin kaɗaici irin na makon nan ba. Na koma ɗaki na ciro jaka, na zuba kaya, na naɗe tef ɗin awo da fensir na tura a gefe. Zuciyata tana ta tsalle tana cewa gobe war haka kana gabanta! Na ce bari in biya fili in yi masa kallon sallama daga nesa, ba tare da ya sani ba.

Na hau can saman benaye inda ’yan kallo ke zama, ni kaɗai, sai tattabaru. Na ga sun tashi. Zalɓe yana da kirki kuma yana iya ƙoƙarinsa, amma takunsa ɗaya ya kusa biyun Walƙiya. Igiya tana miƙewa tana saki, tana miƙewa tana saki. A kwana ya makara da magana, suka yi karo da kafaɗa. A zagaye na gaba Walƙiya ya faɗi a kan gwiwar nan, ita dai wadda kika ce a lallaɓa. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya tashi yana ɗingishi, jini yana bin ƙaurinsa, sai ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, ya ƙyalƙyale da dariya da ƙarfi, ya ce, “Zalɓe, ka ga yadda muke tashi sama kuwa? Ai da tuni na rabu da wancan tsohon!” Ashe ya san ina nan. Ƙila takuna ya ji a kan matakala. Dariyar nan don ni ya yi ta, don in tafi da zuciya sake. Ni kuwa na san dariyarsa ta gaske, ba haka take ba. Na zauna na rufe fuska da hula, na yi kukan da ban yi a tasha ba.

Na koma washegari, na sake komawa. Kullum jakata tana bakin ƙofa a ɗaure, kullum ina saman benen nan ina kallon aminina yana faɗuwa yana dariya. Yau da safe na sauko. Na je na karɓi sabuwar igiya daga hannun Zalɓe, shi ma har ajiyar zuciya ya yi. Na zura yatsuna. Walƙiya ya ja ta kaɗan, ya gane hannun, ya ɓata rai. Ya ce, “Kai wane irin taurin kai ne da kai? Za ka rasa ta fa.” Na ce, “Kwana tana gaba, ɗaga ƙafa.” Muka yi zagayen farko. A na biyu igiyar ta gaya mini kuka yake yi, ban duba ba, idona yana kan hanya.

To kin ji, hasken raina. Ga dama ta zo har hannuna, ban hau mota ba. Na zaɓi in gaya miki da kaina kafin ki ji a bakin wani. Ba don ya fi ki ba ne, wallahi ba a auna ku a sikeli ɗaya. Amma ki duba mini: da na iso ƙofarku da jakata, kika tambaye ni ina na baro Walƙiya, me zan ce? In ce na bar shi yana zubar da jini a fili saura makonni gasarsa ta ƙarshe? Wane ido zan ɗaga in dube ki da shi? Kuma ranar da ke ma ƙafarki ta yi rauni, ranar da duniya ta yi miki duhu, da me za ki yarda cewa ba zan saki naki hannun ba? Mutumin da kika so shi ne wanda ya faɗi tare da amininsa ya tashi tare da shi. In na zo miki ba haka ba, wani ne daban ya zo, mai kama da ni.

A aikinmu akwai doka biyu da alƙalan wasa ba sa yafewa. Ɗan jagora ba ya jan mai gudu, ko da yana ganin nasara tana kuɓucewa. Kuma in an iso layin ƙarshe, sai ya ja baya kaɗan, mai gudu ya fara tsallakawa. In ya ja shi, ko ya riga shi, an soke gudun duka. Da wannan tarbiyyar na girma, kuma da ita zan bi da ke. Ba zan ja ki ba. Ba zan turo Umma ta yi miki magiya ba, ba zan ɓata sunan mutumin can ba, ba zan cika miki waya da kira ba daga yau. Roƙo ɗaya nake yi, da duk abin da ya rage a ƙirjina: kada ki ba Yaya amsa sai bayan Asabar ɗin ƙarshe ta watan gobe. Ranar ce gasar, a filinmu za a yi. Da ya tsallaka layi, ko na ɗaya ya zo ko na ƙarshe, zai rataye takalmansa, ni kuma in zare yatsuna. Jakata ba zan kwance ta ba, tana nan bakin ƙofa.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga tsohuwar igiyarmu, wadda ya danƙa mini. Duba kusa da ƙullin, ɗigon aidin ɗinki yana nan, wanki bai fitar da shi ba. Zoben da ya fi baƙi shi ne nawa, ya ɗauki siffar yatsuna. Ɗayan babu kowa a cikinsa yanzu. In kin ga ba za ki iya jira ba, ki maido mini ita kawai, ba sai kin wahalar da kanki da neman kalmomi ba. Zan gane, zan yi miki addu'ar alheri.

In kuwa akwai sauran wurina a zuciyarki, ya sanyin idona, to bencin nan yana nan kusa da layin ƙarshe. Ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, na gyara ta da hannuna, na goge shi, ban bar kowa ya matsar da shi ba. Ranar gasar, daga tashi har kwanar ƙarshe, idona ba zai bar hanya ba, kin san alkawarina. Amma a daidai layin, lokacin da zan ja baya in bar shi ya wuce, aikina ya ƙare, babu sauran kwanar da zan faɗa. A nan zan ɗaga ido, karo na biyu a cikin gudu tun da na san ki, in dubi bencin.

Ko da wa na gani a kai, ko ban ga kowa ba, ni naki ne. Naki ne a wannan garin da ya yi mini faɗi, naki ne a hanya, naki ne har ranar da ƙafafun nan za su daina ɗaukata.

Wanda ya faɗi saboda ke, bai kuma warke ba,

Kafintanki, mai faɗa miki hanya.